Tsofaffin Finafinai Suna Kalluwa Har Yanzu?

Wani ƙanena, ɗalibi a Jami'ar Jos, ya aiko min da tambaya. Ya ce mahaifinsa kullum cikin yabon finafinan da suka kalla a silimar Rex da Kwararafa yake, yana cewa na yanzu duk hayaniya ce da ƙyale-ƙyale. Shi kuma ya nemo biyu daga cikin waɗanda Baba ke yabo, ya kunna a waya, bai kai rabi ba barci ya kwashe shi. Yana so ya sani, da gaske tsofaffin nan suna da wani abu, ko kewar ƙuruciya ce kawai ke damun manya? In suna da shi, da wanne zai fara? A na zamani kuma wanne ya cancanci a ƙona masa data?

Ƙanena, tace fim ne aikina, ina kuma koyar da shi, don haka amsar za ta ɗan yi tsawo. Ka yi haƙuri da ni.

Finafinan da Baba yake tunawa ba su ne duka finafinan zamaninsu ba, zaɓaɓɓu ne daga ciki. A shekarar da aka yi Sholay, wato 1975, Indiya ta fitar da finafinai ɗaruruwa, kuma mafi yawansu yau ko a Mumbai ba mai tuna sunansu. Shekara hamsin ta riga ta yi tankaɗe da rairaya, ta zubar da dusa ta bar gari. Kai kuwa abin da ya fito makon nan kake gani, da dusarsa da tsakuwarsa, ba wanda ya tace maka. To in aka ɗauko gwanayen da aka jera da gama-garin yau, dole na da su yi rinjaye. Ka gaya wa Baba wannan cikin ladabi: a zamaninsu ma an yi shirme mai yawa, mantawa da shi aka yi.

Amma barcin da ka yi bai zama hujja a kan finafinan ba. Fim ba ya tsufa gaba ɗaya lokaci guda. Wani sashensa yakan tsufa cikin shekara biyar, wani cikin talatin, wani kuma har yau bai nuna alama ba. Yawanci in matashi ya ce min tsohon fim ba ya kalluwa, nakan tarar ba fim ɗin ya kalla ba, mugun kwafinsa ya kalla.

Ga yadda abin yake. Finafinan silima na da a kan zare ake ɗaukarsu, mai faɗin milimita 35, irin wanda ake naɗawa a majigi. Wannan zare yana riƙe hoto dalla-dalla fiye da abin da talabijin ɗin wancan lokaci zai iya nunawa. Shi ya sa yau ake ɗauko shi, a wanke, a bi shi hoto bayan hoto da na'ura, hoto 24 a kowace daƙiƙa, a fito da shi garau a ingancin 4K. Amma abin da ke yawo a wayoyinmu yawanci daga kaset aka kwafo shi zuwa faifan CD, daga CD zuwa kwamfuta, aka matse shi don ya shiga memori, wani ya manna tambarinsa da lambar wayarsa a kai, aka kuma ja hoton ya cika allo har fuskokin mutane suka baje. Launi ya koɗe, duhu ya zama toka-toka, sauti yana shuu. Wanda ya ga Lawrence of Arabia na 1962 a irin wannan kwafi zai rantse babu komai a cikinsa sai rairayi, alhali fim ne da aka ɗauka a zare mai faɗin milimita 65 don babban allo, inda ɗan ɗigo daga can nesa a hamada yake tahowa a hankali har ya zama mutum a kan raƙumi. A allon waya ɗigon ma ba za ka gan shi ba, balle ka ji abin da aka so ka ji.

Muna da misali a gida. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗaukarsa ɓatacce. A 2016 aka gano zarensa a cikin tarin gwangwanayen Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke nan Jos, aka gyara shi da haɗin gwiwar cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. In ka samu damar ganin gyararren, kada ka bari ta wuce. Umaru Ladan ne ya fito a Shaihu Umar, malamin da ke ba almajiransa labarin yadda aka raba shi da mahaifiyarsa yana yaro, bauta ta kai shi har ƙasar Larabawa, ita kuma ta bi sawunsa. Fim ne mai natsuwa, ya haura awa biyu, kuma ba ya gaggawa ko kaɗan. Amma sutura, da zaman fada, da ayarin raƙuma, da Hausar da ake yi a ciki, ban ga fim ɗin Hausa na yau da ya kamo shi a wannan fanni ba. Ka nemi Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu da Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa, su ma na zare ne, daga farkon shekarun 1990.

Abin takaicin yana wajen finafinan Kanawud na farko. Tun daga Turmin Danya a 1990, a kaset ɗin bidiyo aka ɗauke su, ba a zare ba. Kaset kuwa abin da ya kama ke nan, ba wani ɓoyayyen inganci a cikinsa da za a tono daga baya, kuma yana lalacewa da zafi da damshi ko ba a taɓa shi ba. Don haka fim ɗin 1976 zai iya fitowa yau ya fi na 1999 kyan gani nesa ba kusa ba. Ba mu kaɗai wannan asara ta sama ba. Wani bincike da ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka na zamanin da ba sauti sun ɓace kwata-kwata, wasu gobara ta cinye su saboda zaren lokacin saurin kama wuta gare shi, wasu kuma masu su ne suka watsar don ba su zaci wani zai sake nema ba. In akwai buhun kaset a ɗakin ajiyar gidanku, kada a bari a zubar.

Sai batun jan jiki, wanda nake jin shi ne ya sa ka barci. Gaskiya ne, an sauya. A finafinan Amurka na shekarun 1940 da 1950 hoto ɗaya yakan tsaya daƙiƙa takwas zuwa goma kafin a yanka zuwa wani. A na faɗa na yanzu, daƙiƙa biyu ko uku an yanka. Idonka ya saba da wannan, ga kuma TikTok ya ƙara masa gajen haƙuri. Amma saurin yanka daban, saurin labari daban. A teburin aikina na sha ganin sin da aka yayyanka gutsi-gutsi, kyamara tana ta shawagi, jirgi maras matuƙi yana ɗauko rufin gidaje daga sama, minti biyar ta wuce ba abin da ya faru. Kuma ka yi wa kanka adalci: mutumin da ya bi shiri mai dogon zango a YouTube har kashi ɗari, inda ake cinye rabin awa ana gaisawa a falo ana maimaita abin da ya faru makon jiya, bai kamata ya ce fim ɗin awa biyu ya ja ba. Sabo ne kawai, kuma minti ashirin na farko ne masu wuya.

Abin da ya fi saurin tsufa a fim shi ne abin da aka fi taƙama da shi ranar da ya fito. Dabarar zamani, kiɗan yayi, askin yayi. Dubi yadda ake tuƙa mota a tsofaffin finafinai: jarumi yana zaune a situdiyo yana juya sitiyari hagu da dama, titi yana gudu a allo a bayansa. Dubi naushin finafinan Indiya da na Cana, mai ƙara kamar an fasa ƙofa, hannu bai ma kai fuska ba. Waɗannan dariya suke ba mu yanzu, ba kuma laifi a yi dariyar. Haka siddabarun kwamfuta na farkon shekarun 2000, da yawansa yau kamar wasan gem yake. Abin da aka yi da jiki da gaske kuwa ba ya tsufa. A 1928 Buster Keaton ya tsaya cak bangon gaban gida ya faɗo masa, ya tsira ta ƙaramar tagar da ke jikin bangon, kuma bangon na gaske ne, da ya kauce kaɗan da shi ke nan. Jackie Chan a Police Story na 1985 ya sulalo daga bene a jikin ƙarfe mai kewaye da ƙwayayen lantarki, hannayensa suka ƙone. Har gobe in ka gani sai cikinka ya ɗuri ruwa. Jurassic Park na 1993 ma abin da ya sa bai tsufa ba, dabbobin da aka zana da kwamfuta kusan minti shida kawai suka ɗauka a fim ɗin, sauran mutum-mutumi ne aka ƙera masu motsi, ruwan sama na dukansu da gaske.

Akwai wani tsufan da ya fi wannan nauyi, wato na tunani. A 1926 Turawa suka ɗauki wani fim mai suna Palaver a nan tsaunukan Filato, cikin Angasawa da maƙwabtansu. Ana lissafa shi a matsayin dogon fim na farko da aka yi a Najeriya. Labarin rikici ne tsakanin jami'in mulkin mallaka da Bature mai haƙar kuza, mutanen ƙasa kuwa an mai da su abin tsoro da abin ado a bayan fage. Sanders of the River na 1935 haka yake, har Paul Robeson da ya fito a ciki ya barranta da shi bayan ya ga yadda aka tace shi. Irin waɗannan ana kallonsu ne don a san yadda aka ɗauke mu, ba don nishaɗi ba. A finafinan Indiya ma akwai abin da ni ba na iya haɗiyewa yanzu: saurayi ya yi ta bin yarinya yana takura mata, ta ce ba ta so, ya ƙi bari, a ƙarshe a nuna naci ya yi riba. Mu ma mun kwaso wannan mun zuba a namu. Wanda ya ce komai na da daidai ne, son zuciya ne ke magana. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

To me ya rage bayan an cire duk wannan? Mutum a cikin matsala. Wannan ne ba ya koɗewa, kuma a kansa zan ɗora abin da zan ba ka.

Fara da 12 Angry Men na 1957. Baƙi-da-fari ne, minti 96, kusan duka a ɗaki ɗaya. Mutum goma sha biyu aka kulle su yanke hukunci kan wani yaro da ake tuhuma da kashe ubansa, goma sha ɗaya sun ce a gama a tafi gida, ɗaya ya ce a dakata a sake dubawa. Ba mota, ba bindiga, ba waƙa. Shi nake fara nuna wa ɗalibai, saboda yana kashe bakin mai cewa rashin kuɗi ne ya hana shi yin fim mai kyau. Ka lura da abin da darakta Sidney Lumet ya yi: da farko kyamara tana sama da idon mutane, ɗakin yana da sarari, yana tafiya yana sauke ta ƙasa, yana sauya gilashinta, har ka ga bango da rufi sun matso, kai ma ka fara jin zafin ɗakin. Ba za ka kama shi yana yi ba, a jikinka za ka ji. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu a unguwa, inda kowa ya riga ya yanke hukunci kafin a ji ta bakin wanda ake ƙara, zai gane mutanen nan ɗaya bayan ɗaya.

Bayansa Mandabi na Usman Sembene, ɗan Senegal, 1968, da harshen Wolof. Wani magidanci mai mata biyu, ba aiki, ɗan ɗan'uwansa ya aiko masa da takardar kuɗi daga Faris. Ya je gidan waya karɓa, aka ce sai da katin shaida. Katin shaida sai da takardar haihuwa. Ga hoto, ga na goro, ga ɗan tsakiya mai cewa ya san wani a ciki. Kafin kuɗi su zo hannu labari ya riga ya zaga unguwa, masu bashi da masu roƙo sun cika ƙofar gida, matan kuma sun ci bashin shinkafa a kan kuɗin da ba a gani ba. Za ka yi dariya har ka tuna layin NIN da na BVN, sai dariyar ta tsaya. Fim ɗin ya haura shekara hamsin da biyar, amma ko yau aka ɗauke shi a unguwar Dilimi ko Gangare a nan Jos ba sai an sauya komai ba sai kuɗin.

Bicycle Thieves na Italiya, 1948, ɗan'uwansa ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ba aiki, wani ya samu na manna fasta amma sai da keke. Matarsa ta jinginar da zannuwan gado aka fanso kekensa, ranar farko aka sace. Shi da ƙaramin ɗansa suka shiga birnin Rum nema. Wanda ya fito a uban ba ɗan wasa ba ne, ma'aikacin masana'anta ne aka ɗauko. Ka tambayi duk mai Keke Napep da yake biyan balas kullum me ake ji ranar da aka wayi gari ba mashin. Ba zan faɗa maka ƙarshensa ba, sai dai ka sa ido a fuskar yaron.

In ka ji ka fara sabawa, sai ka tunkari Seven Samurai na Akira Kurosawa, Japan, 1954. Awa uku da kusan rabi ne, ka raba shi dare biyu. Ƙauyen manoma ne da 'yan fashi ke jira su girbe su zo su kwashe, sai suka je neman mayaƙan da za su kare su, ba su da abin biya sai shinkafa. Ba sai na gaya wa ɗan Arewa na yau me wannan labari yake nufi ba. Abin da ya sa nake ganin girmansa, bai mai da manoman waliyyai ba: akwai matsoraci, akwai mai ɓoye abinci, akwai wanda ba ya yarda da waɗanda suka zo cetonsa. Daga gare shi Amurkawa suka yi fim ɗin kaboyi The Magnificent Seven a 1960, kuma jininsa yana gudana a cikin Sholay ɗin da Baba yake so.

Shi Sholay, Baba yana da gaskiya a kansa. Wasu wuraren barkwancinsa sun yi sanyi, amma bos ɗin, Gabbar Singh, wanda Amjad Khan ya yi, har yau ban ga wanda ya kai shi iya sa mutum tsoro da magana a hankali ba. Shekara biyar ya yi ana nuna shi a silima ɗaya a Bombay, wato Mumbai ta yanzu. Mother India na 1957 ya fi shi nauyi: mace ce da mijinta ya tafi ya bar ta da 'ya'ya da gona da bashin mai ba da rance da ruwa. Yana da tsawo, kuka ya yi yawa a wasu wurare, amma ka kalle shi za ka gane dalilin da ya sa iyayenmu suka ga kansu a finafinan Indiya fiye da na Amurka: kunya, surukai, auren dole, talaka da mai kuɗi. Har laƙabi suka raɗa wa jaruman, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Daga wannan ƙauna rawa da waƙa suka shigo Kanawud, ba daga sama suka faɗo ba.

Biyu na Mustafa Akkad wataƙila ka gan su a talabijin da azumi: Ar-Risala na 1976, kan tarihin farkon Musulunci, da na Umar Mukhtar, wanda Anthony Quinn ya fito a malamin da ya yaƙi Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931. A na farkon ba a nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a kuma ji muryarsa ba, duk da haka akwai malaman da ba su gamsu da yin fim ɗin ba, ka san da wannan. Ta fuskar sana'a, dubban mutanen da ka gani a fagen yaƙi mutane ne na gaske da dawakai na gaske, shi ya sa ƙurar take da nauyi. Ka haɗa da The Battle of Algiers na 1966, kan yaƙin ƙwatar 'yancin Aljeriya. Za ka rantse hoton labarai ne aka harhaɗa, alhali duka shiryawa aka yi. Shekara biyar ba a nuna shi a Faransa ba.

Don dariya, Charlie Chaplin. The Kid na 1921 ya haura shekara ɗari, ba magana a ciki, amma ka kunna wa yara 'yan shekara shida ka ga ko za su tashi. Barkwancin jiki ba ya neman fassara. Shi ya sa marigayi Rabilu Musa Ibro ma, duk da raunin hoto da sautin finafinan camama, in ya shigo sin har yau sai ka murmusa kafin ya buɗe baki.

Tunda mun dawo gida, ga ra'ayina, wanda na san wasu abokan aiki ba za su so shi ba. Yawancin finafinan Hausa na tsakanin 1999 da 2006 waƙoƙinsu ne suka rayu, ba labaransu ba. Sangaya ka kalle shi, domin shi ne ya buɗe kasuwar, kuma labarin ɗan sarki da 'yar aikin gida yana da zaƙinsa. Amma da yawa daga waɗanda suka biyo baya waƙa aka fara yi, sannan aka nemo labarin da za a rataya mata. Waɗanda suka fi jure zamani su ne wasannin talabijin na su Ƙasimu Yero da Samanja Mazan Fama. Hoton ya dushe, amma Hausar da iya zaman magana suna nan daram, kuma duk mai son rubuta fim ya zauna ya saurari yadda suke jefa zance. Ƙasimu Yero ya fito har a Cock Crow at Dawn na NTA, wanda aka ɗauka a yankin Jos a farkon shekarun 1980. Garin nan ya daɗe da kyamara.

Na zamani kuma ba su rasa gwanaye ba, kada Baba ya ji da kunnen ƙashi. Children of Heaven na Majid Majidi, Iran, 1997: yaro ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suka ɓoye wa iyaye, suna karɓa-karɓa da nasa zuwa makaranta. Wannan ku kalla da kowa na gida, har Mama. A Separation na Asghar Farhadi, 2011, wanda ya ci Oska, shari'a ce tsakanin iyali biyu inda kowa yana da gaskiya kowa kuma ya ɓoye wani abu, har ta kai ga rantsuwa da Alƙur'ani; a wurina yana cikin mafi kyawun rubutun fim na wannan ƙarni. Timbuktu na Abdurrahman Sissako, 2014, kan zaman gari a hannun masu tsattsauran ra'ayi, akwai wurin da samari ke buga ƙwallo ba ƙwallo saboda an haramta ta, ba zai fita ranka ba. The Milkmaid na 2020, da Hausa aka yi mafi yawansa, an ɗauke shi a Taraba, labarin 'yar Fulani mai tallar nono da ke neman 'yar'uwarta bayan an kai wa ƙauyensu hari. Maryam Booth ta ci kyautar AMAA, gasar finafinan Afirka, da shi. Mai Martaba, wanda Najeriya ta miƙa wa gasar Oska a 2024, ya nuna inda muka kai a hoto da sutura. Daga Indiya, Lagaan na 2001 da Dangal na 2016. Parasite na Koriya ta Kudu, 2019, fim na farko da ba na Ingilishi ba da ya ci babbar kyautar Oska, gwani ne wajen nuna mai kuɗi da talaka ta hanyar matakala kawai, wa ke hawa wa ke sauka. Sai dai shi da The Godfather na 1972 akwai wuraren da ba na kallo da iyaye ko ƙanne ba ne, na faɗa maka tun yanzu.

Wanne cikin waɗannan zai kai shekara hamsin? A Separation zan sa wa kuɗina, don bai jingina da komai na yayi ba. Manyan finafinan jarumai masu tashi sama kuwa, waɗanda rabinsu a kwamfuta aka zana, ina jin jikokinka za su yi musu irin dariyar da kake yi wa naushin Dharmendra.

Yadda za ka kalla yana da tasiri kusan kamar abin da za ka kalla. Nemi kwafin da aka rubuta an gyara, ko da zai fi cin data. Ka sauke shi da daddare lokacin garaɓasa. A talabijin ko kwamfuta, ba waya ba. In ka ga baƙin shafi a gefe da gefe, ka bar shi haka, da yawa cikin tsofaffin finafinai kusan murabba'i aka ɗauke su, jan hoton ɓata shi yake yi. Ka shiga saitin talabijin ka kashe abin nan da ke sa motsi ya yi sulɓi, shi ke mai da fim ɗin silima kamar bidiyon biki. Wayarka kuma ta kwana a wani ɗaki.

Fassarar Hausa irin ta su Algaita tana da daɗinta, ta kuma kai finafinai inda da ba za su je ba. Amma mai fassara yakan cika kowane shiru da zance, ya ƙara barkwancinsa, wani lokaci ya faɗa maka abin da zai faru kafin ya faru. Ga fim ɗin faɗa ba matsala. Ga irin su Bicycle Thieves da Shaihu Umar, inda rabin maganar a shiru take, ka kalle su da muryarsu ta asali, da rubutu a ƙasa in da buƙata. Sholay kuma ka bari sai ranar da Baba yake gida, ka haɗa masa a babban allo, shi zai fassara maka.